Wannan "ɗan cajin" da muke rainawa shi ke cinye mana ajiya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato cajin da ake cira a kuɗin ajiya da na zuba jari, wanda yawancinmu ko kallonsa ba ma yi don mun ga ɗan mitsitsi ne.

Ni ma haka nake da. Sai ran nan na zauna da biro da takardar bayanin asusuna ta shekara guda ina bi layi-layi, ga kuɗin kula da asusu, ga na kati, ga na saƙon waya, ga na tura kuɗi, ga wani ma da sunansa ya ƙi karantuwa, ko wanne shi kaɗai ba abin da za ka ɗaga murya a kansa ba ne amma da na haɗa su wallahi sun haura ɗan abin da aka ƙara min a shekarar. Ashe ni nake biya don a riƙe min kuɗina, ina ta murna wai ina tari.

To wannan ma mai sauƙi ne. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen masu juya wa mutane jari. Za a ce maka ai kashi 2 cikin 100 ne kacal a shekara, kai kuma ka ce ba komai. Abin da ba a tsaya an fahimtar da kai ba shi ne ba daga riba ake cire kashi biyun nan ba, daga dukkan kuɗin ne, uwa da riba, kowace shekara, an ci ko an faɗi. Mu yi lissafi, ko wane irin kuɗi ne. Ka zuba 100,000, a ce yana kawo kashi 7 duk shekara kuma kana barin ribar tana hawa kan uwar kuɗi. Bayan shekara 30 zai kai wajen 761,000. Amma in ana zare kashi 2, saura 5 ke nan, abin da za ka tarar kusan 432,000 ne. Sama da kashi 40 na abin da ya kamata ka samu ya tafi, alhali kai ne ka kawo kuɗin kuma in asara ta zo kai za ta kwanta wa. Ko kashi 1 aka riƙa cira, kusan rubu'i ya salwanta. Dalili kuwa, duk abin da aka cira bana ya tafi da 'ya'yan da zai haifa baɗi da jikokinsa, kamar gara ce, daga waje itace lafiya lau.

Kar a ce surutuna ne. Attajirin nan na Amurka Warren Buffett ya taɓa shiga cacar dala miliyan 1 a kan cewa daga 2008 zuwa ƙarshen 2017 asusu mai arhan caji da kawai ke bin sawun manyan kamfanonin Amurka 500 na jerin S&P zai doke zaɓaɓɓun asusun ƙwararru masu tsadar kamasho, irin waɗanda aka san su da karɓar kashi 2 na jari da kashi 20 na riba. Shi ya yi nasara, kuma da tazara mai nisa. Tun 1976 John Bogle na kamfanin Vanguard ya fito da irin wannan asusu don talakan mai zuba jari, a lokacin har dariya aka yi masa.

Su kuma katunan da ake cewa za a maido maka da kashi 1 na duk abin da ka kashe, in akwai kuɗin shekara a kan katin ko ka makara biya sau ɗaya aka ɗora maka tara, tukuicin ya koma inda ya fito har da ƙari. Haka masu aiko wa 'yan uwa kuɗi daga wata ƙasa, Bankin Duniya na cewa a matsakaici ana cin wajen kashi 6, shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin a sauko da shi ƙasa da kashi 3 kafin 2030, kuma fa wani cajin a cikin farashin canji ake ɓoye shi, sai a rubuta maka "kyauta" da manyan baƙi.

Ba wai ina cewa a yi mana aiki a banza ba ne, mai aiki ya ci guminsa. Roƙona ya Edita, shafinku na kasuwanci ya riƙa tambayar masu tallan nan su faɗi jimillar cajinsu a lamba ɗaya, a kuma nuna mana nawa zai ci a shekara 10 da 20, ba a bar shi can ƙasan takarda da ƙananan rubutun da sai da tabarau ba. Ni dai na riga na rufe saƙon wayar nan, na koma duba asusuna ta manhaja.

Na gode,
Mai karanta ku a kullum.