Kira ga masu haɗa LEGO Technic a Jidda

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon iyaye mazauna Jidda da ke saya wa yara LEGO Technic, wato kayan wasa na roba da ake harhaɗawa su zama motoci da injina, su zauna tare da su wajen haɗa giyar inji, wato faifai masu haƙora da ke juya juna. Mai haƙora 8 sai ta juya sau 3 kafin mai haƙora 24 ta juya sau ɗaya, shi ya sa gudu ke raguwa, ƙarfi ya ƙaru. Amma wajen ƙusoshin roba da ke haɗa sassan aka fi yin kuskure. Baƙar ƙusa riƙewa take gam, mai ruwan toka kuwa ita ke barin abu ya juya. Da an musanya su, sai injin ya cije.

Don Allah kada a bar kwalin cikin mota da rana, robar lanƙwashewa take. In ƙura ta taru, a wanke sassan da ruwan da zafinsa bai wuce digiri 40 na Celsius ba.

Naku,
Mai karatu, Jidda