A bar yaro ya koyi neman haƙƙinsa kafin ya bar sakandare

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana da 'yan'uwana iyaye mazauna Amurka waɗanda Allah ya ba 'ya'ya masu buƙata ta musamman, da masu shirin turo nasu karatu nan.

A sakandare, dokar ilimin yara masu nakasa ta Amurka, wato IDEA, wadda ta samo asali tun 1975, a wuyan makaranta ta ɗora nauyi. Makaranta ce za ta gano larurar yaro, ta sa a gwada shi kyauta, ta rubuta masa tsarin karatu nasa na kansa da ake kira IEP, ta kuma kira iyaye zama aƙalla sau ɗaya a shekara. 'Yata ba ta ji sosai, kuma shekara da shekaru ni ce bakinta a wajen zaman nan. Ni ke cewa a zaunar da ita a layin gaba, ni ke roƙon malami ya daina bayani yana fuskantar allo, domin leɓensa take karantawa.

To, ranar da yaro ya karɓi takardar kammala sakandare, dokar nan ta sallame shi, kuma IEP ba ta bin sa kwaleji. Abin da ya rage masa shi ne dokoki biyu na kare haƙƙin masu nakasa: sashe na 504 na wata dokar 1973, da dokar ADA ta 1990. Su kuwa wariya suka hana, ba su ce kowa ya fita neman sa ba. Shi zai taka da ƙafarsa ofishin kula da ɗalibai masu nakasa, ya faɗi larurarsa da bakinsa, ya kai takardar likita. In aka ce takardar ta tsufa, ba kwalejin za ta biya kuɗin sabon gwaji ba. Ana iya ba shi ƙarin lokacin jarrabawa, ko tafinta na yaren kurame, ko rubutun abin da malami ke faɗa, amma ba za a rage masa ainihin abin da darasi ke buƙata ba. In ya yi shiru har ya faɗi jarrabawa, da wuya a sake duba ta.

Uwa kuma in ta buga waya tana tambaya, galibi za a ce mata sai da izinin ɗalibin a rubuce, saboda dokar FERPA mai kare sirrin bayanan karatun ɗalibi. Wannan yana da ciwo, wallahi, amma ina ganin daidai ne, tunda shi zai zauna a ajin.

Don Allah iyaye, kada a jira sai ya tafi. Da zarar yaro ya kai shekara 16, dole IEP ta ƙunshi shirin rayuwarsa bayan sakandare, kuma dole a gayyace shi zaman. Ku je da shi, ku kame bakinku, ko da zai yi in-ina. Kafin ya fita kuma ku karɓi takardar taƙaitaccen bayanin ƙwazonsa da buƙatunsa, wadda makaranta ke bayarwa, ku damƙa masa a hannunsa.

Wassalam,
Wata uwa daga Amurka