Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate

Assalamu alaikum ranka ya daɗe, Allah ya taya ka riƙo.

Maganar inshorar lafiya ce ta sa na rubuto maka. A 2022 aka sa hannu a dokar NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, aka ce inshora ta zama dole ga kowa, mutane suka yi rajista da murna. To amma yanzu sai likita ya duba mara lafiya, ya rubuta magani ko ya ce a je a yi hoto, sai a ce a zauna a jira kamfanin HMO, wato kamfanin da ke kula da inshorar mara lafiyar yana biyan asibiti, ya turo lambar izini. Mutumin da ke zaune a ofis, bai ga mara lafiyar nan ba, bai taɓa jikinsa ba, shi ne zai ce a yi ko kar a yi? Kai likita ne ranka ya daɗe, ka fi ni sanin abin da jira yake yi wa mai hawan jini ko mai naƙuda.

In izinin ya zo kuma ka je wajen karɓar magani, sai ka ji "babu, a je a sayo a waje", wanda aka ce kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai zai biya shi ne zai ɓuge da biyan kuɗin gaba ɗaya a kemis, wanda ba shi da shi ya sayi rabi ya koma gida da ciwonsa. Wallahi abin yana ci mana rai.

Hukumar NHIA da bakinta ta ce daga Afrilun 2025 kada HMO ya wuce awa ɗaya bai ba da izini ba. Dokar lafiya ta 2014 ma, sashe na 20, ta hana a kori mai buƙatar taimakon gaggawa ko da wane dalili, har da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6. Talaka nawa ne ya san yana da wannan haƙƙin?

Don Allah ranka ya daɗe, a liƙa ƙa'idar awa ɗayan nan da Hausa da ajami a ƙofar kowane asibiti tare da lambar kai ƙorafi wadda ake ɗagawa in an kira, a riƙa faɗin sunayen kamfanonin da suka saɓa a rediyo, wanda kuma aka tura kemis da katinsa a hannu a mayar masa da kuɗinsa.

Wassalam,
daga wani mai riƙe da katin inshora.