Wasiƙa daga Ottawa

Ottawa, Kanada
Tsakiyar Oktoba

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da Baba da yara. Ni dai lafiya lau, sai kewar gida. Ya kaka? Na san yanzu gero ya shiga rumbu, ana jiran dawa.

Nan ma kakarsu ake ciki, amma ba hatsi ne ya ɗauke musu hankali ba, ganye ne. Mutum da hankalinsa zai cika mota da mai, ya kwashi iyali, su tafi kallon ganyen da ke shirin zubewa. Da abokin aikina ya gaya min dariya na yi, na ce a garinmu wanda ya tsaya kallon ganye sai a fara nema masa magani. To, ranar Asabar sai ga ɗanki a cikin layin motoci.

Mun haye kogin Ottawa zuwa gandun dajin Gatineau, a lardin Kebek inda ake Faransanci, muka hau wani tudu da ake kira Champlain. Inna, bakina mutuwa ya yi. Iya ganina daji ne, amma kamar Kantin Kwari ana jajibirin salla: ga ja kamar zoɓon da ya jiƙu, ga ruwan goro, ga ruwan ɗorawa. Na tsinci ganye ɗaya, gefensa ja wur, tsakiyarsa da sauran kore, jijiyoyinsa kamar zanen lalle. Subhanallahi kawai nake maimaitawa.

Na tambayi dalili. Ashe idan yini ya fara gajarta, bishiya takan daina yin koren, sai ruwan ɗorawar da dama can yake ɓoye ya fito. Shi kuwa jan sabo ne, daga sukarin da ya maƙale a ganye ake samun sa, shi ya sa ya fi kyau in ana rana da yini, sanyi da dare. Wadda ta fi ja ita ce mapul, mai ganyen nan na tutarsu tun 1965. Ƙarshen hunturu sukan huda ta su tari ruwanta, su dafa wajen lita 40 kafin a samu lita ɗaya mai kauri kamar zuma.

Sai na tuna gawon gonar Baba, mai zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Da na ba su labarinsa, su ma mamaki suka yi.

Abin da zai ba ki haushi shi ne, in ganyen ya zube sharewa suke yi su cusa a manyan jakunkunan takarda, motar shara ta kwashe. Unguwa guda babu akuya ko ɗaya!

Sanyi kuma ya fara leƙowa. Magariba yanzu shida da 'yan mintoci, a Disamba kuwa kafin huɗu da rabi rana ta faɗi. Na sayi rigar sanyi mai kauri, kada ki damu.

Na danne ganye uku a cikin littafi, suna cikin ambulan ɗin nan. A gaishe da Baba da Gwaggo, a kuma ja wa Auta kunne kada ya ba akuyarsa.

Ɗanki mai neman albarkarki.