A Farfaɗo da Ajin Manya a Majami'unmu, a Kuma Bari Su Yi Tambaya

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da fastoci da dattawan ikilisiyoyi na Jihar Gombe a kan ajin koyar da manya al'amuran bangaskiya, wanda yake neman mutuwa a majami'u da dama, alhali kuwa taron sujada sai ƙara cika yake yi.

Ikilisiya a wannan yanki da karatu ta kafu. Sa'ad da masu aikin mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission), John Hall da Gordon Beacham, suka iso Kaltungo a 1917, cikin ayyukansu na farko har da rubuta harshen Tangale da fassara sassan Littafi Mai Tsarki a cikinsa. Bayan da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, manoma da matan aure suka riƙa zama da yamma suna haɗa baƙi, domin kowa ya karanta da idonsa. Mutanen da suka fito daga irin waɗannan azuzuwa su ne suka zama masu bishara a ƙasar Tangale da Waja da Tula da Dadiya, su ne kuma suka riƙe aikin lokacin da ikilisiyar ECWA, wadda ta fito daga aikin SIM, ta tsaya da ƙafafunta a 1954.

Yau kuwa, a wurare da yawa, da zarar mutum ya gama ajin baftisma, karatunsa ya ƙare ke nan. Makarantar Lahadi ta koma ta yara. Inda ajin manya ya rage, sanarwa da maganar asusun gini sukan cinye rabin lokacinsa, abin da ya saura kuma malami ya karanta darasi daga takarda, ya yi ɗan wa'azi, a ce amin a tashi. Wanda ya ɗaga hannu da tambaya mai nauyi, sai a riƙa yi masa kallon mai raunin bangaskiya ko mai neman ƙure fasto. Maƙwabtanmu Musulmi ba su yi wannan sakaci ba, domin ga karatun zaure, ga Islamiyyar matan aure, ga makarantun dare, magidanci mai furfura yana zama gaban malami ba tare da jin kunya ba.

Akwai wasu majami'u a Amurka da Kanada da Ingila masu kiran kansu masu ra'ayin ci gaba. Ban yarda da matsayinsu a kan aure ba, haka kuma wasu cikinsu sun sassauta ikon Littafi Mai Tsarki fiye da yadda zan iya amincewa. Amma yadda suke tafiyar da ajin manya ya cancanci a duba shi. Sukan ɗauki batu guda su bi shi na 'yan makonni, mutane kaɗan a zaune suna fuskantar juna, jagora yana buɗe magana sauran suna tofa albarkacin bakinsu, kuma ba a hana kowa faɗin shakkar da take zuciyarsa. Wannan hanya ba su ne suka ƙirƙiro ta ba. A Ayyukan Manzanni 17:11 an yaba wa mutanen Biriya ne saboda kowace rana suna bincika Littattafai su ga ko abin da Bulus ya faɗa musu haka yake. A sura ta 18 kuma Bilkisu da mijinta Akila ne suka ja Afolos gefe, mutum mai ilimi da iya magana, suka ƙara fayyace masa hanyar Allah.

Ga misalin abin da shirun nan yake jawo mana. Duk faston da ya yi makarantar tauhidi, ko a Kufai ta Billiri ko a Bukuru, ya san cewa ayoyi na 9 zuwa 20 na Markus sura ta 16 ba sa cikin wasu kwafe-kwafen hannu mafi daɗewa na Helenanci, waɗanda aka rubuta a ƙarni na 4. Ya san yadda aka tattara littattafai 27 na Sabon Alkawari, ya kuma san abin da aka tattauna a babban taron shugabannin ikilisiya na garin Nikiya a shekara ta 325. Babu abin ɓoyewa a nan, masana masu bangaskiya sun daɗe da yin bayani a kansa. Amma idan ɗalibin jami'a ya fara jin wannan magana a TikTok ko Facebook daga bakin mai neman rushe masa bangaskiya, sai ya ɗauka cewa an yi shekaru ana rufe shi, ya daina yarda har da sauran abin da aka koya masa. Da a aji ya fara ji, daga bakin fastonsa, da zancen ya zo masa da sauƙi. Rashin wannan tushe ne kuma yake sa masu sayar da man shafewa da ruwan addu'a suke samun kasuwa a cikinmu.

Tambayoyin manya ma ba duka ne na tarihi ba. Gwauruwar da dangin miji suka karɓe gonar marayunta tana so ta san abin da Littafi ya ce game da hakkinta. Ɗan kasuwa yana da tambaya a kan bashi da ruwa, ma'aikacin gwamnati a kan cin hanci, iyaye a kan tsadar sadaki. A jihar da gida ɗaya yakan haɗa Kirista da Musulmi, uwa ɗaya uba ɗaya, ana bukatar a zauna a yi magana a natse a kan zama da ɗan'uwan da addini ya bambanta ku. Wa'azin safiyar Lahadi ba ya ba da damar mayar da magana, don haka ba zai iya ɗaukar wannan nauyi shi kaɗai ba.

Roƙona ga majalisun dattawa shi ne a ware wa ajin manya lokacinsa na kansa wanda sanarwa ba za ta taɓa ba, a kuma raba mutane ƙungiya-ƙungiya yadda kowa zai sami bakin magana. A koyar da Hausa ko Tangale ko Waja ko Tera, gwargwadon abin da jama'ar wurin suka fi ji, domin Turanci yakan rufe bakin tsofaffi. A ƙauyuka a fi ba da ƙarfi da rani, tun da yake da damina kowa yana gona. A cikin Zumuntar Mata akwai malaman makaranta da ma'aikatan jinya da suka yi ritaya, waɗanda za su iya jagorantar aji idan an ba su ɗan horo. Waɗanda ba su iya karatu ba kuma a haɗa musu da darasin yaƙi da jahilci, a tanadi Littafi mai manyan baƙaƙe saboda masu raunin ido.

Na gode da wannan fili da ka ba ni.

Naka,
Wani malamin Makarantar Lahadi,
Kaltungo, Jihar Gombe.