Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Muhalli: Wa Zai Biya Ɓarnar Giwa?

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka.

Ranka ya daɗe, a kan wani haraji nake son yin magana. Ba ya cikin kowace dokar haraji, ba a yanka masa rasit, ba ya shiga baitulmali, amma duk kaka sai an karɓe shi. Shi ne wanda manomin da gonarsa ke bakin gandun daji yake biya wa giwa da dorina da gwaggon biri.

Bari in wanke kaina tun da wuri, kada a ce mafarauta ne suka aiko ni. Ina goyon bayan kare namun daji. Lokacin da aka niƙe hauren giwa kimanin tan 2.5 a Abuja a watan Janairun 2024, na ji daɗi har cikin raina. Giwayen da suka rage mana a faɗin ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne kawai, kuma ɗaya daga cikin manyan garkunansu yana Yankari, dajin da aka keɓe tun 1956. Mu da muke yi wa manya kirari da toron giwa, abin kunya ne a ce jikokinmu a bakin maroƙa kaɗai za su san ta.

To amma giwa ba ta san iyakar da aka shata a taswira ba. Babbar giwa ɗaya tana cin abin da ya kai kilo 150 a yini, abin da take tattakewa kuwa ba a ma lissafa shi. In garke ya kwana a gona, wahalar damina guda ta tafi kafin kiran assalatu. Gari ya waye, doka ta ce wa mai gonar kada ya kuskura ya taɓa dabbar, kuma dokar ta yi daidai. Sai ya tambayi wanda zai biya shi, nan fa kowa ya nuna masa ƙofar wani. Dabbar ta ƙasa ce baki ɗaya, ana sa hotonta a takardun tallar yawon buɗe ido, ana zuwa taron duniya da sunanta, asarar kuwa ta mutum ɗaya ce. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A Jamhuriya ta Biyu an soke haraji da jangali a tsofaffin jihohin Kano da Kaduna saboda an ga sun yi wa talaka nauyi. Wancan ko ba komai an san adadinsa da ranar biyansa. Wannan sai yadda giwa ta yanka.

Akwai wani ɓangaren harajin da ba a cika ambata ba, kuma shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Wa ke gadin gonar? Uba ba zai yini yana aiki ya kuma kwana a tsaye kullum ba. Yara ake turawa, su kwana suna kaɗa gwangwani da hura wuta, da rana kuma su yi ta korar birai. Lokacin da amfani ke nuna shi ne zangon farko na shekarar karatu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas. Yaron da ya kwana yana gadin giwa, ko an kora shi aji, barci zai je ya yi. Na san makarantu ba a ƙarƙashin ma'aikatarka suke ba, amma dabbar da ta hana yaron zuwa tana ƙarƙashinta.

Ba mu kaɗai ke wannan muhawara ba. Botswana tana da giwaye kusan 130,000, fiye da kowace ƙasa a duniya. A 2024, da Jamus ta fara maganar tsaurara shigo da sassan jikin namun dajin da aka farauto daga Afirka, shugaban Botswana na lokacin, Mokgweetsi Masisi, ya ce zai aika musu giwaye 20,000 su ɗanɗana zama da su. Mutane sun yi dariya, ni kuwa na ga gaskiya a ciki: son giwa daga nesa abu ne mai sauƙi. Ranka ya daɗe, ka yi mini aikin gafara, amma a idon manomin da ke bakin daji, Abuja ma Jamus ce.

Wasu ƙasashen sun gane cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ruwanda ta fara ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da gandun dajinta ke samu domin ƙauyukan da ke kewaye da su a 2005, ta ɗaga shi zuwa kashi 10 a 2017, kuma ajujuwa da asibitocin karkara da ruwan sha aka yi ta yi da kuɗin. Yuganda kashi 20 cikin ɗari na kuɗin shiga ƙofa take mayar wa maƙwabtan daji. Namibiya tun 1996 ta ba al'ummomin karkara ikon cin moriyar namun dajin da ke ƙasarsu. Ga kuma Nijar nan kusa da mu: raƙuman dawan yankin Kure sun ragu har zuwa 49 a 1996, yau sun haura 600, alhali ba a cikin shinge suke ba, a tsakanin gonakin mutane suke kiwo. Da manoman wurin ba su yarda ba, babu yawan ma'aikatan gandun daji da zai kai su wannan adadi. Da ɗan gari akan ci gari.

Na san abin da za a ce. Za a ce in aka buɗe ƙofar diyya, wanda akuyar maƙwabcinsa ta shiga gonarsa ma zai rantse giwa ce. Haka ne, za a yi ƙarya. Sai dai sawun giwa ba ya ɓuya, kuma kwamiti ƙarami na mai unguwa da malamin gona da ma'aikacin gandun daji, wanda zai isa gonar cikin kwana biyu ya auna ya ɗauki hoto, ya isa ya tace mafi yawanta. Abin da ya fi ƙarya haɗari shi ne jinkiri. Kenya ta sa diyya a dokarta ta 2013, har shilin miliyan 5 ga iyalan wanda dabba ta kashe, amma mutane suka yi shekaru suna jiran kuɗinsu, bashi ya taru a kan gwamnati. Alkawarin da ba a cika ba ya fi rashin alkawari ɓata zuciya, kuma manomin da ya fid da rai ba ofis yake komawa ba. Guba yake nema, ko ya kau da kai in ya ga baƙin mafarauta sun bi ta bayan gonarsa.

Za a kuma ce dazuzzukanmu ba sa kawo kuɗin da za a raba. Wannan ma gaskiya ce, musamman yadda rashin tsaro ya kori baƙi daga wurare irin su Kamuku da Kainji. Kashi 10 na babu, babu ne. Shi ya sa nake ganin kason ƙofa kaɗai ba zai wadatar ba, sai an ware wa diyya gurbi nata a kasafin kuɗi, ko a yanko mata wani abu daga asusun muhalli da ake cirewa daga asusun tarayya. Mai biyan haraji a birni zai tambaya, ina ruwana da gonar wani? Amsarsa ita ce shi ma yana cikin masu giwar. In ta kowa ce, to ɗawainiyarta ma ta kowa ce.

Rigakafin kuwa bai kai diyya tsada ba. A Kenya an gwada zagaye gonaki da amyoyin zuma da aka haɗa da waya, domin giwa tana tsoron ƙudan zuma, in ta taɓa wayar amya ta girgiza sai ta ja da baya, manomi kuma ya sami zumar sayarwa. Ba ya aiki a ko'ina, musamman lokacin fari da zuma ke ƙaura, amma ya cancanci a gwada shi a ƙauyuka kaɗan kafin a yanke hukunci.

Ina sane da cewa tun 2006 Yankari ta koma hannun Jihar Bauchi, kuma ba duk dajin da ke da wannan matsala ne na tarayya ba. Amma kai ke jagorantar majalisar ƙasa kan muhalli, inda kwamishinonin jihohi ke zama. Roƙona shi ne ka kai maganar can a zama na gaba, da wa'adin biya a rubuce, a ce daga ranar da aka auna gona zuwa ranar da kuɗi zai shiga hannun mai ita kada ya wuce wata uku. Kason ƙauyuka kuma a liƙa lissafinsa a bangon makarantar kowane ƙauye, adadin da ya shigo da abin da aka yi da shi, yadda duk wanda ya iya karatu zai karanta wa wanda bai iya ba.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Naka cikin girmamawa,
Wani ɗan ƙasa