Wasiƙar ƙorafi: manhajarku ta riƙa faɗin abin da ya tsayar da bincike

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Abokan Ciniki,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Mu masu gyaran kwamfuta ne a PZ da Samaru cikin Zariya, kuma kukanmu a kan manhajarku ta antibairos ne. Komai ya tsayar da bincike, saƙo ɗaya tak take fitarwa da jan rubutu, wai binciken ya gaza, a sake gwadawa. Alhali Windows tana miƙa mata lambar da ke nuna ainihin dalili, ita ce take binnewa a fayil ɗin rahoto, inda mai kwamfuta ba zai taɓa leƙawa ba.

Dalilan kuwa ko kama da juna ba su yi ba. Lambar 0x80070005 rashin izini ne kawai, a buɗe manhajar da ikon admin an gama. 0x80070020 na nufin wata manhaja ce ke riƙe da fayil ɗin, abin da bai kai a tsayar da bincike dominsa ba, a tsallake shi a ci gaba.

Wadda ta fi damun mu ita ce 0x80070017. Wannan had-dis ne, wato ma'ajiyar fayilolin kwamfuta, ya kasa karanta wani sashe nasa, sau da yawa alamar ya fara lalacewa. A nan shawararku ta sake gwadawa cutarwa ce, domin cikakken bincike yana tilasta wa majinyacin had-dis karanta kowane fayil na tsawon sa'o'i, ga zafin bazara. Abin da ya dace shi ne a dakata, a kwashe muhimman fayiloli zuwa wata ma'ajiya tukuna, sannan a gudanar da chkdsk /r, umarnin Windows mai duba lafiyar had-dis. Ɗalibin ABU da ya ga jan rubutu zai ɗauka bairos ne, ya kai a yi masa fomatin, furojet ɗin shekara guda ya salwanta, had-dis kuma yana nan da ciwonsa.

Sai batun sabuntawa. Yawancin kwamfutocin tebur da ke shagunan buga takardu na gwanjo ne, batirin CMOS ɗinsu mai riƙe agogon kwamfuta, wato CR2032 mai bolt 3, ya daɗe da mutuwa. Da an ɗauke wuta kwanan wata ya koma baya, takardar shaidar tsaro ta shafin da ake saukar da sabuntawa ta ƙi karɓuwa, sai 0x80072F8F ta fito. Gyaran bai wuce minti goma ba, a canza batiri a saita kwanan wata a BIOS, wato saitin kwamfuta na kafin Windows ta tashi. Me zai hana manhajar ta ce agogon kwamfuta ba daidai yake ba? Haka kuma in intanet ya yanke ana tsakiyar saukarwa, sai ta koma farko, a ƙone data sau biyu.

Microsoft Defender, antibairos ɗin da ke zuwa da Windows, yana ja da baya da kansa in an saka wata antibairos, amma ragowar tsohuwar antibairos ta gwaji ba ta ja, sai ita da taku su yi ta rububin fayil ɗaya. Ya kamata ku gano wannan tun lokacin sakawa.

Muna roƙo a sabuntawa ta gaba saƙon ya nuna lamba, da sunan fayil ɗin da aka tsaya a kansa, da matakin da za a ɗauka. Ma'aikatanku kuma su daina cewa kowa ya goge manhaja ya sake sakawa kafin su tambayi lambar. Muna jiran amsarku a rubuce.

Naku,
Masu gyaran kwamfuta, PZ da Samaru, Zariya